Kwanon Abdurra'uf Ya Daina Fitowa

Mu biyar ne muke ciyayya a ƙofar gidanmu a Gagarawa, tun muna samari. Da an sallame sallar magariba kowa zai shiga gida ya ɗauko kwanon tuwonsa, mu haɗu a tabarma ɗaya. A buɗe kwano guda a cinye, a jawo na gaba. Ba a tambayar miyar gidan wa ta fi daɗi, amma ana faɗa ko ba a tambaya ba. Daga nan sai hira har ladan ya kira isha'i.

Ɗantsoho ne ya fara tafiya, shi kam tafiyar da ba a dawowa, Allah ya jiƙansa. Habibullah ya bi cinikin dabbobi ya tare a Maigatari, daga baya ma na ji ya tsallaka Damagaram. Ishaƙ ya sami aiki a Dutse, ya koma mai gaisuwar Juma'a ta waya, irin saƙon nan mai furanni da ake tura wa kowa da kowa a lokaci guda. Aka bar ni da Abdurra'uf, malamin asibiti, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Tabarmar ta yi mana yawa, sai muka riƙa ninke ta biyu.

Ni Ɗalha direba ne. Ina ɗaukar fasinja daga Gagarawa zuwa Gumel, ranar Alhamis in zarce kasuwar Maigatari. Mutane suna cewa direba bai san kaɗaici ba tunda a cikin jama'a yake yini. Waɗanda ba su taɓa riƙe sitiyari ba ne ke faɗar haka. Surutu kam ina shan sa har kaina ya yi ciwo, amma ba da ni ake ba. Abin da ake ce min bai wuce "akwai sauka" da "direba rage gudu" ba. A gida kuma, tun rasuwar matata, daga ni sai Iya mahaifiyata, ita kuwa kunnenta ya yi nauyi, kafin ka gaya mata magana ɗaya duk unguwa ta ji. Saboda haka duk abin da na gani a hanya sai in ƙulle shi a raina in ajiye wa Abdurra'uf. Wani lokacin tun daga Gumel nake shirya yadda zan fara ba shi labarin.

A tsakiyar daminar bana kwanonsa ya daina fitowa.

Ranar farko na ce ko aikin yamma ya riƙe shi a asibiti. Kashegari na ga babur ɗinsa a zaure. A masallaci muna sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, amma da an sallame sai ya miƙo min hannu yana neman takalminsa da ƙafa.

"Ina zuwa, Direba," in ji shi.

Ba ya zuwa. Haka na yi ta shimfiɗa tabarma ina zama da kwano ɗaya a gabana. Wanda bai taɓa cin tuwo shi kaɗai a ƙofar gida ba, bai san abin kunya ba ne. Duk wanda ya gifta sai ka ce masa bismilla, ya ce alhamdu lillahi, ya ƙara sauri, ya waiwayo ya dube ka. Tuwon ma ba ya wucewa yadda ya kamata.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ina jin muryarsa. Ɗakinsa yana jikin katangar, tagar a buɗe saboda zafi. Ina zaune ina juya loma, shi yana ciki yana zuba Turanci, har da 'yar dariya irin ta mutanen rediyo. Ni Turancina na tasha ne, ya ishe ni in yi gardama da ɗan sanda, bai wuce nan ba. Amma ko kurma ya san sunansa. A tsakiyar Turancin nan sai in ji "Ɗalha". Can kuma in ji "tuwo". Sai wata muryar mace ta yi magana ta cikin waya, ya sake farowa daga farko, ya sake zuwa kan Ɗalha da tuwo. Na ce lallai, mutumin nan ya yi sababbin abokai masu karatu, ni kuma na zama abin ba su dariya. Na yi fushi sosai. Na rantse ba zan tambaye shi ba, tunda ba ni na janye kwanona ba.

Iya ce ta lura kwanona yana komawa da saura. Ta tare ni a tsakar gida.

"Kai, ina Abdurra'uf, yaron nan na Malam Abdulƙahhar? Ba na ganin kwanonsu a wanke-wanke."

Da yake wani lokacin kwanukan kan haɗu a gidanmu sai da safe a mayar. Na rasa yadda zan ba ta amsa, don in na ɗaga murya yadda za ta ji, to shi ma zai ji. Na buɗe hannuwa, alamar ban sani ba.

"Kun yi faɗa?"

Na girgiza kai.

"To babu ce," ta faɗa da ƙarfinta, har sai da na dubi katanga. "Magidanci in ya janye kwanonsa ba faɗa ba komai, abin da ke cikin kwanon ne ba ya so a gani. Haka babanka ya yi shekarar da gero ya ƙi. Ya ce wai ciwon ciki yake, alhali kunun dusa muke sha. Kai ma dai ba ka da lura."

Na tsaya na yi tunani. Lokacin marka ne, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, hatsi a kasuwa sai dai kallo. Abdurra'uf ga mata ga yara uku ga dangi, noman ma ba wani na kirki yake yi ba. Turancin fa? Na ce ai wanda ba shi da abin da zai fito da shi dole ya sami abin da zai cika lokacin da shi. Fushin ya sauka, tausayi ya hau. In faɗi gaskiya har daɗi na ji, don babu tana da magani, gundura da mutum ita ce ba ta da shi.

Ba a miƙa wa magidanci hatsi hannu da hannu, kamar ka tuɓe masa hula ne a kasuwa. Da aka fito sallar asuba na bari ya shige gida, na ɗauko rabin buhun gero daga namu, na jingine a zaurensu bayan babur, na wuce tasha. Ranar har fasinja sai da suka ce direba yau da fara'a ka tashi.

Da magariba ina shimfiɗa tabarma sai ga shi ya fito, riƙe da wani babban kwano da hannu biyu. Ya ajiye, ya zauna a wajen zamansa, ya buɗe. Shinkafa ce da miya, zabo guda kwance a kai, ga ƙwai an jera a gefe. Khairiyya matarsa ba ta taɓa yi mana irin wannan ba ko da salla.

"Direba, wa ya ce maka yunwa muke ji?"

"Ni? Me aka yi?"

"Duk Gagarawa mutum nawa ne ke ɗaure bakin buhu da robar tiyub, ya yi mata ƙullin but ɗin mota? Khairiyya tun safe take kuka, wai unguwa ta ɗauka ba ta ɗora tukunya. Ta ce in fito da wannan a buɗe kowa ya gani."

Na so in musa, dariya ta ƙwace min. Shi ma ya yi. Muka wanke hannu muka fara da nasa. Ya ce zai dawo min da geron, na ce in ya kuskura to ranar za mu yi faɗan da ba mu yi ba. Rabona da jin daɗin loma irin na ranar har na manta.

Sai da zabon ya yi rabi sannan ya gaya min. Jarrabawar Turanci zai yi a Kano, wadda ake nema ga malamin asibitin da ke son aiki a Ingila. Akwai ta rubutu, akwai ta baka, inda za ka zauna gaban mai jarrabawa ta yi ta jan ka da hira tana auna bakinka. Ya sami wata malama a Legas da ke koya masa ta waya, ita kuma ba ta da sarari sai bayan magariba. Tambayoyin an san irinsu: garinku, aikinka, abincin da kake so. Akwai kuma wadda ta fi ba shi wuya, a kan hira da abokai. Kana son ta? Da wa kake yi? A kan me? Ka fi son ta waya ko ta ido da ido?

"Shi ne nake jin sunana ta taga?"

"To wa zan ambata, Direba? Kai kaɗai ka rage min."

Na ce ya faɗa min da Hausa abin da yake cewa. Ya gyara zama, ya sa wata murya da ba tasa ba.

"Ina da aboki, sunansa Ɗalha, direba ne. Kullum in rana ta faɗi mukan fito da tuwonmu mu ci tare a ƙofar gida, mu yi hira. Na fi son hirar ido da ido, domin tana sa mutum ya ji ba shi kaɗai ba ne."

"Kullum?" na ce.

"Ai ba rantsuwa ake yi ba. Turancin ake aunawa."

"In ka ci fa?"

Ya dubi kwano. "Sai tafiya. Khairiyya da yara su biyo ni daga baya. Na so in gaya maka, bakina ya yi nauyi. Na ce bari sai na ga sakamako."

Na ce Allah ya ba da sa'a, don abin da ake cewa ke nan. Amma zabon ya daina daɗi. Da yunwar ce da na san abin yi, rumbunmu bai ƙare ba.

Ya ciro wayarsa ya duba lokaci, ya mayar. "Akwai abin da nake so ka taimaka min da shi. Malama ta ce amsar nan ta bushe, da ji an san hadda ce, kuma masu jarrabawa ba sa son hadda. Ta ce in sa labari na gaske, wani abu da abokin ya taɓa gaya min. Wallahi na zauna na yi ta tunani, kaina ya cika da Turanci, na rasa ko ɗaya. Wai me muke cewa ne duk shekarun nan?"

Wannan tambayar ta yi min zafi fiye da maganar Ingila. Ashe ba don zabon Khairiyya kaɗai ya fito ba, kayan amsa ya zo nema. Kuma na san duk labarin da na ba shi, in ya yi daɗi, tura shi nake yi zuwa jirgi da hannuna. Na yi niyyar in ce ni ma na manta.

To amma akwai wani labari da na daɗe ina riƙe masa, kullum ina fitowa da shi tabarma ina komawa da shi ɗaki. Ba ni da wanda zan ba in ba shi ba. Ban san sanda na fara ba.

Na ce wata Alhamis wani tsoho ya shiga motata a Gumel da ragonsa, zai kai shi Maigatari ya sayar. Na sa ragon a but, tsohon ya zauna a kujerar baya ta ƙarshe. Tun da muka tashi yake juya kai yana yi wa ragon magana ta bayan kujera, yana ba shi haƙuri, yana gaya masa sunan kowane ƙauye da muka wuce. Da yamma ina lodin dawowa sai ga shi, ragon na biye da shi ko igiya babu. Na ce Baba, kasuwa ta ƙi ne? Ya ce a'a, an taya har ya fi yadda ya zata, amma duk wanda ya zo sai ya danna bayan ragon ya ɗaga wutsiya, ba wanda ya dubi fuskarsa. Ya ce kuma in ya sayar da shi, da wa zai yi magana a hanyar komawa?

Abdurra'uf ya yi dariya har ya sarƙe, na miƙa masa ruwa. Ya ce in maimaita abin da tsohon ya faɗa a ƙarshe, na maimaita, yana motsa baki yana juya shi zuwa Turanci. Sai wayarsa ta yi ƙara.

"Malama ce. Ka cinye, Direba, a kawo kwanon da safe."

Ya shige. Jim kaɗan na ji ta taga: Ɗalha, Gumel, Maigatari. Na ji matar ta yi dariya a cikin waya. Na rufe sauran zabon na kai wa Iya.

Bai sake fitowa da kwano ba, lokaci ya matse shi. Ana fara yankan gero ranar jarrabawar ta zo. Ni na kai shi Gumel ya hau motar Kano, ya zauna a gaba kusa da ni, amma duk hanya bakinsa na motsi shi kaɗai, ban katse shi ba.

Kashegari da magariba ina zaune a tabarma, na buɗe kwano ke nan, sai ga kiransa.

"Direba! Ta fito! Wallahi tambayar ta fito!" Ihu yake, ana jin hon ɗin motoci a bayansa. "Na ba mai jarrabawar labarin tsohon nan da ragonsa. Matar da aka ce ba ta ko murmushi, sai da ta rufe baki da hannu. Ta ce har yanzu kuna zaman nan da abokin naka? Na ce mata kullum."

"Madalla," na ce. "Ka ci ke nan, in Allah ya yarda."

"Albarkacin bakinka. Kana ina yanzu?"

"Ƙofar gida. Kai, ka san abin da na gani yau a kwanar shiga Gumel?"

"Riƙe min shi, Direba, katina zai ƙare, ban kira Khairiyya ba tukuna."

Ya kashe. Na ajiye wayar a gefen tabarma, inda kwanonsa yake zama. Wani ya gifta, na ce masa bismilla, ya ce alhamdu lillahi ya wuce. Labarin kwanar Gumel kuwa na ƙulle shi kamar yadda na saba, ban dai san wa nake ajiye wa ba.