Wutar da Tambari Bai Hura Ba

Irin tafarnuwar gidan Tambari ya ruɓe a daminar da surukarsa ta rasu. Ba ɗaki ne ya yi yoyo ba, ba ɓera ba ne. Wuta ce kawai ba a hura ba.

Tambari manomin rani ne a Rimawa. Tun da aka yi madatsar Goronyo ruwa ya fara iso musu har cikin rani, ya sami fili a bakin magudana, kuma tafarnuwa yake zubawa a ciki duk shekara. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. In yana gona hankalinsa na kasuwa, in yana kasuwa ƙafarsa na ƙaiƙayin gida, in ya iso gida ko ruwa bai gama sha ba ya miƙe. Injin ban ruwa kuwa ya san shi ciki da waje, zai kwance shi a kan tabarma ya mayar ba tare da ƙusa ɗaya ta yi saura ba.

Amma irin da yake shukawa ba nasa ba ne. Na matarsa ne, Uwaliya. Da shi ta zo daga Wurno cikin kayan aurenta, ƙulle a tsumma, uwarta ta ba ta. Tafarnuwar fara ce mai ja-ja a gindi, ƙwayarta ba ta cika girma ba, amma in aka ɓare guda a zaure sai an ji a cikin gida. Masu saye har gona suke biyo ta. Duk girbi Uwaliya ke zaɓar kawunan da suka fi cika, ta kitse ganyensu, ta rataye a tankar madafa, sandunan da ke riƙe da jinka, daidai saman murhu. Can suke cinye damina cikin hayaƙi, su yi baƙi ƙirin, sai sanyi ya shigo a sauko da su a ɓare a shuka. Tambari bai taɓa tambayar dalili ba. Shi dai lokacin shuka ya miƙa hannu a ba shi.

Damina ta yi tsaka aka aiko daga Wurno cewa tsohuwa, uwar Uwaliya, ta kwanta ciwo. Uwaliya ta ɗaure kayanta. Mai babur na ƙofar gida yana ta ba injinsa wuta, ita kuwa ta tsaya a bakin madafa.

"Malam, abu guda nika roƙo. Kullum ka hura wuta nan ciki, safe da marece, ko ba ka dafa komi ba."

"In hura in dafa mi? Ladidi na aiko man da tuwo."

Ladidi matar ƙanensa Lawwali ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu.

"Ba don tuwo ba. Don iri. In bai sha hayaƙi ba danshi na kama shi."

"Na ji."

"Ga kara nan na tara bayan ƙofa, busasshe. Kada ka fidda shi waje."

"Na ce na ji. Mutum na jiran ki."

Gaskiya ya gwada. Washegari da hantsi ya shiga madafa, ya durƙusa, ya cusa itace cikin murhu har ba wurin numfashi, ya ƙyasta ashana. Ta mutu. Ya sake, ta mutu. Ya kifa kai yana hurawa, toka ta taso ta cika masa gemu, idanunsa suka kawo ruwa. A haka Lawwali ya leƙo da kwanon koko a hannu. Ya ajiye kwanon ya fita, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Kafin azahar labari ya kai teburin Mode mai shayi. Tambari na isowa Mode ya goge benci da kansa.

"A ba uwargida wuri. Tambari, yau miyar mi anka yi muna?"

"Ta kuka ta," in ji Lawwali, "na ga idanu sun yi ja."

Aka yi dariya, har da waɗanda ba su san zancen ba. Tambari ya sha shayinsa a tsaye ya tafi. Daga ranar bai sake durƙusawa gaban murhu ba.

Ba wai ya zauna ba ne. Ai shi ba ya zama. Ya kwance injin da ba abin da ya same shi ya wanke. Ya matsar da turken awaki daga gabas zuwa yamma, da ya ga bai yi masa ba ya mayar da shi. Darnin bayan gida ya ɓule, ya waiga bai ga kara kusa ba sai wanda ke bayan ƙofar madafa, ya kwashe ya toshe. Ya je kasuwar Gandi ba tare da abin saye ko sayarwa ba. Ruwa kuwa na ta zuba, yau da gobe, har bangon madafa ya fara tsattsafo da danshi, murhu ya yi sanyi kamar bakin randa.

Wata safiya ya shiga madafa neman igiya, wani wari ya tare shi. Ya ɗaga kai. Kitson da ke can ƙurya ya yi fari-fari da funfuna. Ya latsa kai guda, ya ji ya yi laushi.

Nan fa ya rikice. Ya kwaso itace daga tsakar gida, jiƙaƙƙe, ya tula, ya antaya kananzir, ya jefa ashana. Wuta ta yi tsalle har tanka, ta lashe gefen kitso biyu, ta nemi jinka. Da ruwan randa ya kashe ta. Ya tsaya yana haki, madafa ta koma kududdufi.

Sai ya yi tunani irin na mai inji. Abin da ba a so ruwa ya taɓa, rufe shi ake yi. Haka yake yi wa taki, haka yake yi wa siminti. Ya ɗauko buhunan taki masu leda a ciki, ya sauko da irin gaba ɗaya, mai kyau da mai laushi, ya danna, ya ɗaure baki tamau. Ladidi ta kawo tuwo ta tarar yana jan buhu zuwa ɗaki.

"Yaya, ban taɓa ganin Uwaliya ta sa shi buhu ba."

"Uwaliya ba ta da buhu na. Aje kwanon can."

Ya tura su ƙarƙashin gado, ya karkaɗe hannu, ya ji ya gama da wannan.

Ba a daɗe ba tsohuwa ta cika. Tambari ya tafi Wurno aka yi jana'iza da shi. Da zai komo Uwaliya ta rako shi har soron ciki, ta rame, muryarta ta dushe.

"Kana hura wutar?"

"Iri na nan. Na adana shi."

Ta dube shi, ya kau da kai yana gyara hula. Don ya sauya zance ya ce, "Ai ma ga na gidanku nan, in mutum ya so ƙari."

"Wane na gidanmu? Tun da ruwan madatsa ya zo su Abubakar ɗan'uwana sunka koma shinkafa. Na Inna ya ƙare tuni. Namu kaɗai ya rage. Har ranar da za ta cika tana tambaya ko shina nan, na ce mata shina shan hayaƙi."

Hanyar Wurno zuwa Rimawa ba ta taɓa yi masa tsawo irin na ranar ba. Ko takalmi bai tuɓe ba ya faɗa ɗaki ya jawo buhu. Tun kafin ya kwance ya ji ɗumi a tafin hannunsa. Da ya buɗe, tururi ya fito, ƙasan buhun ya zama baƙin ruwa. Ya zazzage a tsakar gida, kaji ma suka sansana suka ja da baya.

Ya tsince waɗanda fatarsu ke nan cif, ya ɗaure da igiya, ya mayar tanka. Sa'an nan ya zaga ya yi sallama a ƙofar ƙanensa.

"Ladidi, zo ki gwada man yadda aka hura wuta."

Ta ɗauka wasa ne, sai da ta ga fuskarsa. Ta zo da garwashi a kasko. Ta nuna masa yadda ake farawa da siraran tsinkaye, a bar wa iska hanya, a jingina jiƙaƙƙen itace gefen murhu ya sha zafi kafin a kai gare shi. Ta nuna masa ba harshen wuta ake nema ba, hayaƙi ne, a zuba ɗan ƙaiƙayi a bar shi yana ci a hankali. In an gama a binne garwashi da toka, gobe a tona.

"Ke nan?" ya ce.

"Ke nan, Yaya. Sai dai kullum ne."

Ya riƙe kullum ɗin. Safe da yamma hayaƙi na tashi daga madafar Uwaliya. Tun da wutar na nan, ya ɗora tukunya, ya koyi dama koko, ya ƙona wake sau da dama kafin ya gane. Mode ya ci gaba da goge masa benci, ya zauna a kai ya sha shayinsa. Abin da ya fi ba shi wuya zaman ne, mutum ya tsuguna yana jiran kara ya kama, ƙafarsa na son tashi. Yakan ɗaga kai ya dubi tanka. Daga ƙasa kawunan sun yi baƙi sun yi kyau, kamar na kowace shekara. Bai yarda ya latsa ko ɗaya ba.

Uwaliya ta dawo bayan sadakar arba'in, ruwa ya ɗauke, gero ya fara shiga rumbu. Ta ga hayaƙi tun daga ƙofa, fuskarta ta ɗan saki. Da ta shiga madafa ta ga igiya maimakon kitso, ta ga rabin tanka wayam, sai ta ajiye ƙullinta. Ta jawo turmi ta kifa, ta hau. Ta kama kai na farko ta matsa, ya murƙushe a hannunta, ɓawo ne kawai da baƙin gari. Na biyu haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ɓawo na zubo mata a kan kallabi. Tambari na tsaye a bakin ƙofa, ya shiga, ya fita, ya sake shiga.

"Na hura," ya ce. "Tambayi Ladidi. Kullum."

"Na gani. Yaushe ka fara?"

Ta sauko, ta baje ɓawon a faifai, ta tsince ƙwayoyin da ke da sauran tauri. Duka ba su cika mata tafin hannu ɗaya ba. Ta yage gefen tsohon zane ta ƙulle su.

"Ba ni nan," ya ce, "in shuka su fangalin gona da ke kusa da ruwa. Ni da kaina zan..."

"A'a, Malam. Bana ba ka taɓa su. Baɗi ma haka."

Ya zaga kasuwar Goronyo, ya zaga ta Gandi, ya koma Wurno. Lokacin shuka ya matso, masu iri na kirki sun riƙe abinsu, na kasuwa kuwa ragowa ce da ya san ko ya zuba ba za ta biya wahalar ruwa ba. Fili a bakin magudana kuma ba a barin sa haka nan. Lawwali na da dashen albasa da ya fi ƙarfin gonarsa. Suka yi magana a zaure, gajeriya, Tambari ya bar wa ƙanensa filin ya dasa albasa, shi ya riƙa ba ta ruwa.

Uwaliya ta shuka ƙwayoyinta a fasasshiyar roba bayan ɗaki, ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Wasu sun tsiro, sirara kamar allura. Kullum da safe Tambari yakan tona garwashi ya hura mata wuta, hayaƙi ya tashi ya bi tanka bai tarar da komai ba. Sai ya saɓa fartanya ya nufi filinsa, ya tsaya a bakin magudana, yana jiran Lawwali ya faɗa masa fangalin da zai buɗe wa ruwa.