Ranar da Na Share wa Shawa Kujera

Shekara ashirin da ɗaya Shawa yana yi mini sata ina kallonsa, ban taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba. In ya fito daga ramin haƙar jan ƙarfe da yamma, hular kwano a hammata, sai ya ratso ta tiredata a bakin layi na biyar, ya cusa hannu cikin buhun kapenta, busassun ƙananan kifin nan, ya damƙi iya abin da tafinsa zai ɗauka ya zuba a aljihu.

"Maci biri, yau ma ba ka mutu ba?" Gaisuwarsa ke nan.

"Ina jira ka gama cinye ɓerayen garin nan na Luanshya tukuna, kada su tone ni."

"Ai ko ɓera ba zai ci naman marowaci ba, ɗaci gare shi."

Ni ɗan ƙabilar Bemba ne, shi ɗan ƙabilar Ngoni. Kakanninmu sun yi yaƙi har suka gaji, suka mai da abin wasa, mu kuma muka gada. Ɗan Ngoni zai zage ni gaban surukaina, ba ni da ikon ɓata rai. Zai ɗauki kazata ya yanka, in bi shi da zagi, shi ke nan. In na mutu kuma, shi da 'yan'uwansa ne za su haƙa kabari su sa ni. Yaran yanzu gani suke shirme ne. Ba su binne kowa nasu ba tukuna, shi ya sa.

Da matata, Bana Kangwa, wato Maman Kangwa, ta rasu, Shawa ne ya shiga ramin ya karɓe ta. Ya fito ya baɗe mini kai da garin masara, yana gaya wa jama'a wai guduwa ta yi saboda rowata. Na yi dariya a bakin kabarin matata, hawaye na gangarowa cikin garin. Ba wani mahaluki da zai iya sa ni haka sai shi. Ɗanmu Kangwa yana Lusaka, ƙanwarsa ta yi aure a Kasama, sai dai waya in sun tuna. Daga wannan shekarar, duk wanda ya tsaya gabana farashi yake tambaya. Mutum ɗaya ne yake zuwa don ni, ko da yake zagi yake kawowa.

Sai shekarar da farashin jan ƙarfe ya faɗi. Ni ban yi karatun kirki ba, ban san yadda faɗuwar kasuwa a ƙasar da ban taɓa gani ba take kashe tukunya a layi na biyar ba. Amma na yi aikin rami shekaru kafin dutse ya taɓa mini ƙafa, na san warin abin in ya taho. Da farko kamfani ya hana aikin ƙarin lokaci. Daga nan aka ce kwana huɗu a mako. Aka koma uku. Sai takardun sallama suka fara fitowa, farar ambulan, sunan mutum a baya.

A tireda nake ganin komai. Matar da ta saba ɗaukar buhun gari a ƙarshen wata ta koma neman ƙullin leda, na tuƙa nshima, tuwonmu na masara, sau ɗaya. Man girki aka koma aunawa da murfin kwalba. Burodi ya riƙa bushewa a kanta har na daina ɗaukowa. Mahaucin da ke tsallaken titi ya wanke wuƙaƙensa ya rufe. Gidan giyar da kiɗansa ya dame ni shekara goma ya yi tsit, kuma abin kunya, sai na ga ina kewar hayaniyar. Kowace Asabar babbar mota za ta tsaya ƙofar wani gida, a ɗora gado da katifa da tukwane, a nufi ƙauye.

A cikin wannan hali satar Shawa ta canja. Ya daina zuwa da yamma, sai da hantsi. Kifi ya daina isarsa. Yau ƙullin gari biyu, gobe sandar sabulu, jibi ya karkata kwalbar mai cikin robarsa yana kallon idona.

"Kai, ɗan Chipata, shago za ka buɗe da kayana?"

"Gadona nake kwasa tun da wuri. In ka mutu 'ya'yanka za su zo da lauya."

Na bi shi da zagi yadda aka saba, amma raina ya fara sosuwa, don ciniki babu. Sai Bana Mwila, mai sayar da gawayi a gefena, ta dube ni wata rana bayan ya wuce.

"Tsoho, kai kaɗai ne ba ka sani ba? An ba shi takarda yau mako uku. Misozi ta sayar da keken ɗinkinta."

Misozi matarsa ce, da jikoki biyu a hannunta. Na yini ina juya maganar. Mutumin da ya karɓi gawar matata, yana kwasar ƙullin gari kamar wasa don kada tukunyar gidansa ta kwana a kife, ni kuma ina ce masa ɓarawo gaban mata. Kunya ta rufe ni. Na ce gobe zan yi abin da ya kamaci dattijo.

To, nan na yi wautar. Da furfurata, da duk abin da nake gaya wa yara game da al'ada.

Na sami kwando na shirya gari, mai, kifi, gishiri, sabulu, na rufe da tsumma mai tsabta. Da hantsi sai ga shi, tun daga nesa yana ɗaga murya.

"A ɓoye birai, ga mai cinsu ya fito shan iska!"

Mata uku ne a tsaye a tiredar, har sun fara dariya suna jiran amsata. Ni kuwa na miƙe. Na ɗauko kujerar da nake ajiye wa fasto, na share ta da hannun rigata, na tafa hannu sau biyu yadda muke yi wa manyan baƙi, na sa masa "Ba" na girmamawa a gaban suna.

"Ba Shawa, sannu da zuwa. Bismilla, ku zauna. Na ji abin da ya faru. Allah ya buɗe wata ƙofar."

Na ɗauko kwandon na miƙa masa da hannu biyu.

Dariyar matan ta ɗauke. Shawa ya tsaya, bakinsa a buɗe da sauran zagin da bai ƙarasa ba. Ya dubi kwandon, ya dubi matan, ya dubi kujerar. Sannan ya cire hula, ya ɗan rusuna, ya karɓa, don ba a mai da hannun babba.

"Na gode, Bashi Kangwa. Allah ya saka."

Shekara ashirin da ɗaya, ranar ya fara kiran sunana na girma, wato Baban Kangwa. Bai zauna ba. Ya juya da kwandon a ƙirji, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kayan wani.

Bana Mwila ta kakkaɓe baƙin gawayi daga zanenta. "Tsoho, ka yi wa mutumin nan jana'iza yana numfashi."

"Ke rufe mini baki. Alheri na yi."

"Da yana ɗauka, nasa yake ɗauka. Yau ka ba shi sadaka."

Na daka mata tsawa, amma maganar ta riga ta shiga.

Washegari Misozi ta dawo da kwandon a wanke. A wurinsu ba a mai da mazubi fayau, don haka ta sa dankali uku da damin ganyen kabewa a ciki. Ta durƙusa ta ajiye, ta gaishe ni da ladabi, ta tafi. Na zauna ina kallon dankalin nan da aka cire daga bakin jikoki saboda ni. Ban iya ci ba, ban iya zubarwa ba.

Shawa ya daina bin layi na biyar. In zai je kasuwa sai ya zagaya ta bayan coci. Na riƙa barin bakin buhun kifi a buɗe, na jawo shi gaba-gaba har rana na dukansa. Ƙudaje kaɗai suka zo. Ranar Lahadi na gan shi a coci, na matsa kusa na ce a kunnensa, "An bar maciya ɓera su shigo ɗakin Allah?" Ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu ya tambayi lafiyar ƙafata. Gara a ce mari ya yi mini.

Kwana ya riƙa tsawo. Wani yinin, daga buɗe tireda har rufewa, maganar da ke fita bakina ba ta wuce "babu" da "ga shi" ba. Bana Mwila ma ta tattara ta koma wurin 'yarta a Mpongwe, don mutane sun koma tsintar itace.

Wata Juma'a wata mai sayen gishiri ta ce mini, ba tare da na tambaya ba, gobe su Shawa za su koma garinsu Chipata, motar ta riga ta zo.

Da safe na kinkimi buhun gari cikakke, na ƙarshe da ya rage mini, na ɗora a baro. Daga tireda zuwa layi na tara ba nisa, amma da ƙafa irin tawa sai da na tsaya sau huɗu. Na tarar ana ɗaure kaya, Shawa a saman mota yana jan igiya, Misozi da jikoki a ƙasa, maƙwabta kaɗan da suka rage suna tsaye. Na ajiye baron daf da tayar mota, na juya masa baya, na buɗe murya.

"Jama'a, kowa ya duba gidansa! Ɓarayin Chipata za su gudu! Ni dai ga buhuna nan na ajiye, in na waiwaya ban gan shi ba na san wanda ya ɗauka. Ɓerayen Luanshya, ku fito ku yi rawa, annobarku ta tafi!"

Maƙwabta suka yi dariya. Direba ma ya yi. Na saci kallon Misozi, na ga ta ɗaga kai tana duban mijinta, hannunta a kan baki. Na tsaya da bayana a juye, ina jiran in ji an ja buhun. Kalma ɗaya nake so, ko ta zagin uwa ce.

Na ji ya diro. Na ji ya kama hannun baron.

"Bashi Kangwa, rana ta yi zafi, ga ƙafarku. Ku zo in mai da muku."

Ya tura, na bi shi ina ɗingishi. Duk hanyar zaginsa nake. Na zagi garinsu, na zagi ƙaton kansa, na zagi kakansa da ya gudu daga yaƙi ya bar mashi. Bai rama ba, sai dai in na yi baya ya tsaya ya jira ni. Wajen layi na shida muryata ta ƙare.

A tireda ya sauke buhun ya jingina shi da kanta, ya kife baron inda yake ganin ina kifewa. Na riƙe masa hannun riga.

"Shawa, ba sauran ɗan Ngoni a layukan nan. In ka tafi wa zai sa ni a rami?"

Ya kalli hannuna har na saki.

"'Yan coci suna nan, Bashi Kangwa. Mutanen kirki ne. Za su yi muku komai cikin mutunci."

Ya tafa hannu sau biyu, ya ce mota na jira. Bai yi sauri ba, bai waiwayo ba. Na zauna a kan buhun har inuwar rumfa ta janye ta bar ni a rana.