Kazar Jikan Saje

Duk Bahaushen da ya taɓa cin abinci da Injiniya Mijinyawa a Doha ya san ba ya cin kaza, kuma ya san dalili, don ba sai ka tambaya ba. Da an ajiye faranti zai ɗaga hannu kamar ɗan sandan hanya, ya fara. Wai kakansa Saje Auta ya sha wani laƙani kafin Turawa su kwashe shi da sauran sojoji zuwa Mogadishu a yaƙin Hitila, harsashi ba ya cin sa, sharaɗin kawai shi da zuriyarsa su bar kaza har abada. Shaida kuwa wata loɓa ce a tsakiyar kan tsohon, inda harsashin Italiya ya buga ya koma, Mijinyawa da hannunsa ya shafa wurin yana yaro. A garin da shinkafa ba ta fitowa sai da kaza a kanta, bawan Allahn nan ya kwashe shekaru yana cin gaya, na kusa da shi suna taunar ƙashi.

To, sai zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ya ƙarato, Mijinyawa kuma ya sa kujerar nan a ransa har ba ya jin daɗin abinci. Abokin takararsa Dakta Muttaka ne, likitan yara, mai sanyin magana, wanda ba shi da kakan da ya taɓa riƙe ko gora. Yawancin ƙuri'u na direbobi ne da masu gadi, su kuwa labarin Saje yana burge su, har sun daina kiran Injiniya da sunansa sai Jikan Saje.

Ana nan sai Mijinyawa ya ga talla a waya. Wani gidan tarihin soja na Turai ya ba da aron zane-zane, za a baje su a wani zaure a unguwar Al Mirqab. Wani mutumin Mogadishu ne ya zana su a ɓoye lokacin da sojojin Ingila suka mamaye garinsu. A jikin tallar an yanko fuskar soja guda, ido a zare, baki a buɗe, tsaga uku-uku a kumatu da bille guda a gefen hanci. Mijinyawa ya kai hannu ya shafa kumatunsa. Tsagar gidansu ce, ba ragi ba ƙari, ga kuma kunnuwan nan nasu masu faɗi.

Kafin la'asar fuskar ta shiga kowace wayar ɗan ƙungiya, an jera ta da tasa, kumatu kusa da kumatu, a ƙasa ya rubuta cewa ga Saje yana kabbarar afka wa abokan gaba. Matarsa Rakiya ta ce ya fara zuwa shi kaɗai ya ga zanen tukuna. Ya ce mata me zai gani, mutum bai san kakansa ba ne? Ya ɗauki hayar bas, ya gayyaci kowa ranar Juma'a bayan masallaci, har da Dakta Muttaka, don ya ga yadda asali yake.

Haka suka shiga zauren da manyan riguna da ƙamshin turare, Mijinyawa a gaba yana azalzalar su da “yalla yalla” irin ta Larabawa. Zanen na can ƙurya, bai fi faɗin tire ba. Fuskar ce dai, tsagar ce. Amma Saje Auta gudu yake yi, ba takalmi, hularsa ta faɗi, kaza ɗaya a hammatar dama, ɗaya a ta hagu. Bayansa wata tsohuwa ce ta ɗaga taɓarya da hannu biyu, saura ƙiris ta sauka daidai tsakiyar kansa. Can gefe, a inuwa, wani hafsan Bature na zaune a kujera, ya ɗaura ƙyalle a wuya, da cokali da wuƙa a hannu, yana jira.

Wani direba ya tambayi abin da aka rubuta a ƙasa, Dakta Muttaka ya gyara tabarau ya fassara a hankali, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo: “Wai, waɗanda suka zo ceton mu, da kajin mahaifiyata.”

Mijinyawa ya so ya ce tsaga ai takan zo ɗaya. Ina! Shi da kansa ya jera kumatun, kuma kowa na riƙe da su a waya. Kunya ta kama shi, sannan baƙin ciki ya biyo, don yana son tsohon nan da gaske. Abin da ya fi ci masa rai ba satar ba ce, Baturen nan ne da ƙyallensa. Ashe ko kajin ma ba na Saje ba ne, bugun ne kawai rabonsa.

A bas ba wanda ya yi dariya, sai kafaɗu da ke ta girgiza. Zaɓe ya zo ya wuce, Dakta Muttaka ya lashe, ya kira walima a gidansa a unguwar Al Gharrafa. Da aka kawo shinkafa, da kansa ya taso ya ce a zuba wa Injiniya gaya, kada a karya masa laƙani.

“Bar ta, Dakta,” in ji Mijinyawa. “Miƙo min cinyar nan.”

Ya gatsa, ya tauna, jama'a na kallo. Idanunsa suka ciko. Ya juya wajen direban da ke gefensa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa: “Dama haka take da daɗi, kuka bar ni?”