Ƙafafun da Ba Nawa Ba

Ni ban yi makaranta ba, amma na san fuskata. To fuskar tawa ce aka manna a gilashin ofishin masu sayar da tikitin jirgi, hoto ƙato kamar ƙyauren ɗaki. An ɗora mini wata hula mai faɗin tire, ina kishingiɗe a bakin teku, na miƙe ƙafafu a yashi, ina washe baki kamar wadda aka yi wa kyautar mota.

Lemo da ayaba nake sayarwa a ƙofar benen da ofishin yake tun kafin su kama haya a ciki. Wata rana manajansu, wani siriri mai shaƙe wuyansa da ƙyalle ko da zafi ake, ya sauko sayen ayaba. Ya ce, "Mama, da za a ce ki zaɓi wurin hutu duk duniya, ina kika fi so?"

Na ce, "Ɗan nan, ni in na samu bakin ruwa na tsoma ƙafafun nan, ai na gama hutu."

Ya yi dariya, na yi dariya, ya ɗaga waya ya yi ƙyas. Ruwan da nake nufi yana cikin robar wanki a ɗakina, mai ɗumi, da ɗan gishiri. Tsayuwa ce ta cinye mini ƙafafu.

Ba a daɗe ba ƙafafun suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Likita ya ce in kwanta in ɗaga su, ban da doguwar tafiya. A daidai lokacin aka yi wa ƙanwata Auta aiki a ciki, a can garin da take aure. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni na goye ta. Kullum ina kiranta ina ba ta haƙuri, tana cewa, "Yaya, ki zauna, lafiyarki ta fi." Sai kawai ta daina ɗaga waya. Ranar da ta ɗaga, magana ɗaya ta yi: "Yaya, ashe teku ba ta kumbura ƙafa? Ina kwance an farke ni, ke kina shan iska." Ta kashe.

Ashe maƙwabciyarta ce ta nuna mata hoton a waya. Na ja ƙafa na je ƙofar benen, na ce wa mai gadi ya karanta mini abin da aka rubuta a ƙasan haɓata. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wai cewa kika yi kin zaga duniya, ba inda ya kai tsibirin nan daɗi, kowa ya zo."

Ni da ko tashar jirgi ban taɓa leƙawa ba!

Na hau benen ina hutawa a kowace matakala. Manaja ya tarbe ni da fara'a, ya ce talla ce, kowa ya san talla, kuma mutane suna son fuskata. Har da cewa zai ɗan ga abin da zai yi mini.

Na ce, "Riƙe abinka. Abu biyu nake so. Ka cire ni daga gilashi, sannan ka bi ni wurin ƙanwata ka faɗa mata da bakinka cewa ƙarya ka shirya."

Ya duba agogo. "Mama, ki bari sai an samu lokaci."

Na ce to.

Washegari da safe na dawo da robata, da butar ruwan zafi, da ƙullin gishiri. Na zauna a kujerar baƙi, wadda ke fuskantar ƙofa, na zuba ruwa, na tuɓe takalma na tsoma ƙafafu. Sakatariyarsa ta miƙe tsaye. "Mama, lafiya?"

"Aiki na zo. Ba ni ce mai nuna wa mutane wurin hutu ba?"

Sai ga wani mutum da matarsa sun shigo. Matar ta dube ni, ta dubi gilashi, ta tafa hannu. "Lah, ke ce! Mama, don Allah gaya mana gaskiya, tsibirin nan ya fi, ko ƙasar da ƙanƙara ke sauka? Ni birnin da ake yawo a kwalekwale nake so, shi kuma ya nace sai tsibiri saboda ke."

Na ce, "'Yata, matso. Tsibirin nan ban san ko gabas yake ko yamma ba. Ƙanƙara kuwa ta cikin firij na sani. Duk duniya ga wurin hutun da na taɓa zuwa." Na nuna robar. "Ba biza, ba layi, in ya huce ki ƙara na zafi. In kina so in matsa miki."

Mijin ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Matar ba ta yi dariya ba. Ta juya ga sakatariya ta ce, "To in tsohuwar ƙarya ce, otal ɗin fa?" Suka fita.

Manaja ya fito a fusace ya ƙwala wa mai gadi kira. Mai gadi ya leƙo, ya ga ni ce, ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwa ce kuma ƙafarta a ruwa. In ta zame wa zai ɗauka?" Ya koma abinsa.

Haka na wuni. Mai son ganin dogayen duwatsu, mai son zuwa inda ake kallon giwaye, duk wanda ya tambaye ni na ba shi shawara tsakani da Allah. Da ruwana ya huce na roƙi sakatariya ta ɗora mini wani, ta kuwa ɗora, tana ɓoye dariya. Kafin a tashi aiki manaja ya kwance ƙyallen wuyansa ya tsuguna a gabana.

"Mama, zan cire hoton."

"Saura ɗaya."

"Garin da nisa fa."

"Kai da kake tura mutane bayan duniya?"

Da kansa ya ɓamɓare hoton ya naɗe. Da gari ya waye muka kama hanya a motarsa, ni a baya na ɗora ƙafafu a kan kujera yadda likita ya ce.

Mun tarar da Auta a kwance, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta amsa gaisuwar manaja, ni ko kallo ban ishe ta ba. Ya yi bayani tiryan-tiryan, har da rantsuwa. Ta ce, "Ai ita ta kawo ka. Me za ka ce da?"

Raina ya ɓaci. Na fizge hoton daga hammatarsa na shimfiɗa a tsakar ɗaki, na take gefe ɗaya da ƙafata don kada ya naɗe. "Ga shi nan. A waya kika gani kamar tafin hannu. Yanzu buɗe ido ki duba yayarki da kyau."

Ta sunkuyo tana dafe da ciki. Ta dubi hular, ta dubi fuskar, ta gangara har ƙasa. Ƙafafun hoton sumul-sumul, sirara, har da jan farce. Kusa da su ga tawa, kumburarriya, da faffaɗan tabon dutsen gugar da ta sako mini tun tana rarrafe.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta harari manaja.

"Kai, ina tabona?"

Ya ce, "Wane tabo, Hajiya?"

"Tabon da na yi mata! Ka ɗauki kan yayata ka dasa a jikin 'yar wasu?" Sai ta juyo gare ni. Ta kamo zanina ta ce, "Yaya, da wannan ƙafar kika yi tafiyar nan? Ba ki da hankali ne?"

Na ce, "Wa ya ja?"

Ta sa aka kawo roba da ruwan ɗumi, ta matsa ta ba ni wuri a bakin gado. Na tsoma nawa, ita ma ta zuro nata, muna ture juna don robar ta yi mana kaɗan. Na ga manaja yana murmushi, hannunsa na lallaɓawa zuwa aljihu.

Na ce, "Taɓa wayar nan ka gani."