Durom Ɗin da Na Kai Gidan Fibi

…kuma kazar ba ta mutu ba. Ba ta mutu ba, Kezia matata, da kina raye da ke ma kin shaida. Kwana uku tana shan ruwan, ta ci gaba da saka ƙwai, ta kai har Kirsimeti, ni na yanka ta da hannuna. To me kuma mutum zai yi bayan ya gwada da kaza?

Mai keken nan ba ya tafiya. Tun daga ƙofar kamfani na ce masa Dubeli, kai tsaye, kar ka tsaya wa kowa. Ga shi ya tsaya yana gaisawa da wani, jam na, jam na, sai ka ce yau suka fara ganin juna. Rana a tsakiyar kai, rigata ta manne da bayana, takardar sinadarin tana aljihu ta jiƙe da zufa. Ka ja mu tafi mana, bawan Allah.

Shekara goma sha tara makullin siton kamfanin fenti yana hannuna. Apollos mai sito. Babu durom ɗin da ya shiga ko ya fita ban sa hannu ba. Ni ne fa mai gaya wa sababbin ma'aikata su sa safar hannu — ni. Yau da safe aka tara mu bita, wata Malama Naziha ta zo da majigi, ƙaramar yarinya, ba ta wuce sa'ar 'yarmu Fibi ba. Ta haska alamu a bango, kowace cikin jan zane mai kusurwa huɗu. Wuta, mun sani. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, muka yi dariya, wannan ko akuya ta san shi. Sai ta haska mutumin nan baƙi, rabin jiki, da farin abu kamar tauraro ya fashe a ƙirjinsa. Ta ce wa ya san wannan?

Na ɗaga hannu. Ka ji wawa. Na ɗaga hannu da fara'ata na ce na shaƙewa ne, in ka shaƙi warinsa yana kama ƙirji, a buɗe taga shi ke nan. Haka Hamajoɗa direba ya gaya mini tun shekarar da na fara aiki, haka na gaya wa duk wanda ya zo bayana.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan alamar ta abin da ba ya kashewa yau ce, a hankali yake aikinsa, wata da watanni, shekara da shekaru. Ta ce an kasa su rukuni-rukuni, na ɗaya shi ne wanda hujjarsa ta fi ƙarfi. Ta ce a ɗauko mata takardar bayanin sinadari ɗaya daga sito ta yi mana misali. Ni na ruga na ɗauko. Fayil ɗina ne, ni na huda takardar na jera ta, shekara nawa tana nan ban taɓa wuce shafin farko ba… Ta sinadarin narkar da fenti ce, mai shuɗin durom. Ta sa yatsa a shafi na biyu ta karanta, ta fassara mana da Hausa don kowa ya ji: rukuni na ɗaya, yana iya cutar da jaririn da ke ciki.

Wata bakwai, Kezia. Cikin 'yarki wata bakwai.

Kin san yadda muke yi. In durom ya ƙare, ba a zubarwa, a Jimeta wa zai zubar da durom? Bi da bi ake rabawa. Mai ƙoƙon kai kam, a huda shi da ƙusa a jefa bayan katanga, ba mu da hauka. Amma mai tauraro a ƙirji — omo, toka, ruwan zafi, lemon tsami, a kife shi a rana sati guda. Sannan a cika da ruwa a ba kaza. In ta kwana uku tana yawonta, durom ya wanku. Duk ma'aikata haka muke yi, manaja ma da idonsa yake ganin ana fita da su.

Ke kika tafi kika bar ni da bikin Fibi saura wata huɗu. Me na sani game da kayan ɗaki? Zumuntar mata suka haɗa tukwane, ƙanwarki ta kawo zannuwa, ni ina zaune kamar baƙo a gidana. Na ce dole akwai abu ɗaya da zai fito daga hannuna. Na san Dubeli, na san famfonsu ba ya kawowa, na san yadda ake jiran masu tura ruwa tun safe. Na zaɓi shuɗin durom, wanda ya fi kowanne kyau, ba lotsawa, murfinsa na rufuwa gam. Na zauna a tsakar gida da wuƙa na kankare takardar da ke jikinsa, don kar a ce uban amarya ya kawo kwancen kamfani. Mutumin nan da tauraronsa, na kankare shi tas, na goge gam ɗin da kananzir. Na rubuta Fibi da Boaz da farin fenti. Har na ja baya ina kallon rubutuna ina jin daɗi.

Yanzu kuma mota ta juya a tsakiyar titi. Kowa na danna hon. Ya Ubangiji… in sauka in taka da ƙafa? Gwiwar nan ba za ta kai ni ba.

Waya tana hannuna tun ɗazu. Na nemo sunanta sau nawa? In ce me? Fibi, kar ki sha ruwa. Ta ce don me, Baba? Ita kaɗai a gida, Boaz yana makaranta yana koyarwa sai ƙarfe biyu, mace da tsohon ciki, in ta firgita ta faɗi fa? In kuma ban kira ba, yanzu haka tana gaban durom ɗin da moɗa, a zafin nan mai ciki ai ba ta rabuwa da ruwa. Kowane minti da nake zaune a keken nan… kira. A'a. Saura kaɗan. Kira mana, tsohon banza.

Bara. Ba na so in tuna bara. Cikin wata uku, jini, asibiti, Boaz a tsaye jikin bango ya rasa inda zai sa hannunsa. Likita ya ce yakan faru, cikin fari ne. Fasto ya zo ya yi addu'a. Ni na zauna a bakin gadonta na ce mata Allah ne ya bayar, shi ya karɓa, ki yi haƙuri 'yata. Da bakina na faɗa. Da aka sallame ta na bi su gida, na tarar durom ya yi ƙasa, na fita na kira mai ruwa ya cika mata shi fal don kar ta wahala.

Ni na cika mata.

Ba lallai ba ne. Haka Malama Naziha ta ce, na riƙe wannan, ba lallai ba ne. Na jira kowa ya watse wajen shinkafar bita, na same ta tana naɗe wayoyinta. Na ce wani maƙwabcina ne. Maƙwabci! Ta dube ni, ta san ƙarya nake, ta rufa mini asiri. Na ce in an wanke fa, wanki na gaske? Ta ce roba tana iya shan abu ta riƙe, babu wankin da za ta ce mini ya isa, durom ɗin sinadari ba na ruwan sha ba ne har abada. Na ce kaza ta sha ba ta mutu ba. Ta ce Baba, kaza tana gaya maka abin da ke kashewa a kwana uku ne kawai. Na ce to jaririn ya cutu ko bai cutu ba? Ta ce takardar tana faɗin abin da sinadarin ke iya yi, ba ta san abin da ya faru a gidan maƙwabcinka ba. A daina sha yau, a kai takardar wurin likitan da ke mata awo. Ta ninke ta ta sa mini a hannu.

To wa ya sani? Takarda ba ta sani ba, malama ba ta sani ba, likita zai ce a jira. Wata biyu ana jira. Watakila wankina ya fitar da komai — toka fa, ruwan zafi har sau huɗu, hannuna sai da ya saɓule. Watakila shekara biyu na ruwa ya ɗauraye sauran. Ya ɗauraye zuwa ina, Apollos? Cikin wa?

Tsaya nan. Nan, gaban mai faci. Lungun, kwatar, ƙofar langa-langa mai koren fenti. Tsoro nake ji, Kezia, tsoron 'yar da na haifa. Zan shiga in wuce kai tsaye in kifar da shi, in yi bayani daga baya. Haka zan yi. Ba gaisuwa, ba zama.

Ga ta a inuwar rumfa tana tsince shinkafa, ƙafafunta sun kumbura, ta yi kyau, fuskarki sak. Ga durom ɗin can a kusurwa, an ɗora masa tsumma jiƙaƙƙe don ruwan ya yi sanyi.

"Baba! Da ranar nan? Lafiya dai?"

Lafiya. Na ce lafiya. Bakina ya faɗa kafin in hana shi. Ta dafa ƙasa tana miƙewa da ƙyar, na ce zauna, zauna, ba ta ji, yaushe ta taɓa barin baƙo ya zauna ba ruwa, ke kika koya mata. Yanzu zan faɗa. Tana buɗe murfin. Yanzu. Fibi — in na faɗa ta juyo ta dube ni, daga yau ba wannan kallon zan ƙara samu ba, za ta lissafa bara da kanta, ba ta da wauta…

Ta cika kofin. Ta kai bakinta ta kurɓa tukuna, ta ji ko ya yi sanyin da za a ba uba. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ina tsaye, taku uku tsakaninmu, ina kallo.

"Ya yi sanyi, Baba. Sha."

Ta miƙo da hannu biyu. Na karɓa.