Kaset Na Talatin Da Ɗaya

"Ka kashe ta! Injiniya, ka kashe mini tsohuwa!"

Farfesa ce ke ihu daga kan gado, ni kuwa ina durƙushe gaban rikoda ina zaro zaren kaset ɗin da ta tauna. Ni ba injiniya ba ne. Gyaran rediyo nake yi a shagon da ke jikin gidanta, shekara ashirin da shida ke nan. Ita ta laƙaba mini sunan, kuma ba don girmamawa ba.

"Ba ta mutu ba, Farfesa, suma ta yi," na ce. Na zura biro a ramin kaset ɗin na shiga murzawa.

Tarihin mata take koyarwa a jami'a. Tun tana budurwa take yawo da rikoda tana ɗaukar muryar tsofaffi: ungozomomi, masaƙa, masu wankau, duk wadda za ta yarda ta zauna. Kaset ɗari bakwai ta tara. Ran Asabar kuma ta kori motarta waje, ta cika gareji da matan unguwa tana karantar da su kyauta. Matata ta je sau uku, ta dawo tana tambayata sunan kakar kakata. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ka gani ko?" Har yau ban san abin da na gani ba.

Da ciwo ya kwantar da Farfesa, likita ya ce a mayar da ita gida, sai ƙanwarta ta tare don jinya. Tsohuwar nas ce, Nas muke ce mata, mace mai tsabta kamar ta wanke ruwa. Ranar da ta iso ta gyara ɗakin karatu, ta ga wani kwali da kasakasai talatin da ɗaya, kowanne da tsohuwar takarda ɗaure da roba. Ta cire takardun tas ta ƙona da shara, ta goge kasakasan suna ƙyalli. Sunayen matan ne a takardun. Laburaren jami'a kuwa ya ce ba ya karɓar kaset marar suna, kuma duk duniya mutum ɗaya ce ta san muryoyin nan, ga ta kwance.

Shi ya sa kullum da hantsi nake rufe shago in hau sama. In saka kaset, ta lumshe ido, ni ina riƙe da biro.

Ranar nan da na farfaɗo da tsohuwar, muka ji ta yi tari, ta ce, "Mijina na fari rago ne. Na biyu kuwa, Allah ya jiƙan na farin."

"Mai tukwane ce ta bakin gada!" in ji Farfesa. Ta faɗi sunanta, da na uwarta, da shekarar da aka ɗauka. Na rubuta. Ta karɓa ta duba. "Wannan rubutu ne ko kaza ce ta yi tono?"

"Ai da kin sa ni a garejin."

"Ba na ɗaukar marasa tarihi."

Nas ta shigo da kofi. "Yaya, magani."

"Ajiye, zan sha."

Ranar farko mun yi shida, ta biyu biyar. A ta huɗu aka ɗauke wuta, na buɗe gidan batir na rikodar zan saka sababbi, sai ƙwayoyi farare suka zubo a ƙasa, sun kai goma sha. Nas ta dube su, ta dube ni.

"Kai ma har da kai? Da furfurarka?"

"Wallahi, Nas, ni wayar rediyo na sani!"

"Rabu da shi, ba shi da wayon nan," in ji Farfesa. "Ni na ɓoye. In na sha barci nake, in na tashi duk murya ɗaya nake ji. Ke kika ƙona takardun, to bar mini kunnena."

Nas ta fita ta bugo ƙofa. Ina jin ta a kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Daga ranar aka yi sulhu: aiki da hantsi, magani da azahar. Amma na ga abin da hantsin yake yi wa Farfesa. Tana damƙe bakin zanen gado har jijiyoyin hannunta su fito, tana kuma gyara mini harafi. Tausayinta ya kama ni, na kuwa ɓoye, don da ta gani da na sha zagi.

Muka koma biyu a rana, sannan ɗaya. Wata ta gane ta da kukan akuyarta, wata da yadda take cewa "ke yarinya". Ranar Talata muka kai ta ƙarshe.

Wata mata ce mai dariya da yawa, tana ba da labarin shekarar da ruwa ya ci garinsu. Ta ɗora keken ɗinki a ka, ta goya jaririya, ta tsallake kogi, mijin yana biye da ita riƙe da agogon bango.

Farfesa ta yi murmushi. "Na san ta. Tana da wushirya. Ta ba ni kujera mai ƙafa uku na faɗi."

"Sunan fa?"

"Yana bakina." Muka sake ji daga farko. Ta lumshe ido har na ɗauka barci ne. "Ka dawo gobe. Kuma kada ka kuskura ka ƙirƙira mata suna, Injiniya. Zan sani."

Washegari ina buɗe kwaɗon shago Nas ta sauko ba takalmi. Ina ganin fuskarta na san Farfesa ta cika. Na mayar da kwaɗon na rufe.

Bayan kwana bakwai motar laburare ta zo ta kwashe komai, ban da guda ɗaya. Nas ta miƙo mini shi, idonta jawur.

"Ka rubuta kowane suna mana su tafi da shi. Wa zai sani?"

"Ke kin fi ni sanin yayarki," na ce.

Sai na kai shi shago, na juya sifika ta fuskanci titi, na saka. Kullum, safe da yamma. Mai aski na kusa da ni ya yi ƙorafi mako guda, daga baya ya haddace, har yana tsayar da aski ya ce wa mutum, "Tsaya ka ji wurin agogon." Matan gareji suka zo suka ɗauka a wayoyinsu suka rarraba. Mutum uku suka rantse kakarsu ce, na tambaye su haƙoranta, suka watse.

Wata biyar ana haka. Ran nan da la'asar ina fama da wata fanka, bas ta tsaya a tsallake, wata dattijuwa ta sauko da jaka. Ta kai tsakiyar titi ta tsaya cak. Motoci suka yi ta hon, ko a jikinta. Can ta ƙaraso a hankali, ta ajiye jakar, ta zauna kan matacciyar talabijin ɗin da ke bakin ƙofa.

"Malam, ƙara murya," ta ce.

Na ƙara. Tsohuwar cikin kaset ta iso bakin kogi, keke a ka, jaririya a baya. Dattijuwar ba ta dube ni ba. Leɓunanta kawai ke motsi, suna riga kaset ɗin faɗin kowace kalma, kamar labarin da aka goya ta a cikinsa.