Turmi a Ƙarƙashin Jar Mota

Hussaina ta dawo daga makarantar da take koyarwa ta tarar da turmi a kife ƙarƙashin motar mijinta.

Da turmin daka ne da sai ta yi tsaki ta wuce. Wannan kuwa turmin kirya ne na kakarsu, wanda duk 'yar da za a aurar a gidansu na Safana a kansa ake zaunar da ita a yi mata wankan lalle. Amaryar da aka wanke a ƙarshe ita ke tafiya da shi ɗakinta ta adana, sai wani auren ya taso ta maido. Tun bikinta yake hannunta a Batsari, ko gero ba ta taɓa surfawa a cikinsa ba. Ranar Alhamis za a wanke ƙanwarta Jannat, ga shi yau Litinin.

"Abban Hadiyya, me nake gani haka?"

Armaya'u ya ɗago daga inda ya tsuguna, singiletinsa duk baƙin mai. Malamin gona ne a ƙaramar hukuma, mutum mai hankali a kan komai, ban da wannan jar motar. Tsohuwar motar tsere ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, ya saye ta hannun wani abokinsa a Abuja. Cikinta kusan jan ƙasa yake yi, har 'yan tasha suka sa mata suna Ƙadangaruwa. Yanzu ga ta a tsakar gida, an cire tayar gaba ta hagu, kafaɗarta a ɗore kan gindin turmin.

"Zo ki gani," in ji shi da fara'a. "Kin ga wannan gaɓar? Bol-join ake ce mata, kamar gwiwar mutum take. Ita ke haɗa taya da ƙafar mota. Robar da ke rufe ta ce ta tsage, giris ya zube, yashi yana shiga. In aka ƙyale, gaɓar ta cinye, wata rana taya ta kwanta mana a tsakiyar titi."

"Ni ban tambaye ka gwiwar mota ba. Turmin nake tambaya."

"Ai Habu direba ne ya zo ya karɓi jak ɗinsa na ɗaga mota, zai kwaso wake a Wagini. Na sa bulo ya farfashe. Sai na waiga na ga turmi a kusurwa ba ya aikin komai."

"Ba ya aikin komai."

"Gobe zai fito, in sha Allahu. Sabuwar roba tana hanya daga Katsina."

Robar ta iso washegari, sai ta zama ta wata babbar mota ce, bakinta kamar na kofin shayi. Hussaina ta ce a kira makanike daga tasha. Armaya'u ya ce Allah ya kiyaye, waɗanda komai guduma suke sa masa, su yanko tsohon tub na babur su ɗaure da waya su ce an gama. Ta ce to a samo wani jak ɗin. Aka aro na maƙwabci, ya ƙi shiga ƙarƙashin motar saboda gajartarta. Habu kuma wayarsa ba ta shiga. Ta ce a mayar da tayar haka nan a sauke motar, ya ce ai ya riga ya kwance gaɓar, ya jefar da tsohuwar robar, kuma ba zai haɗa ƙarfe tsirara ba.

A ranar Gwaggo Zinariya ta bugo daga Safana. Ita ce yayar mahaifinsu, ita ke wanke amaren gidan.

"Hussaina, ina turmi? Na ce a kawo da wuri a shafe shi da man shanu."

"Yana nan lafiya, Gwaggo."

"Na san yana nan lafiya, ai ba ƙafa gare shi ba. Yaushe zai zo?"

Hussaina ta leƙa ta taga. Mijinta na zaune kan tabarma kusa da motar, yana kallon wani Bature a waya yana kwance irin gaɓar, yana gyaɗa masa kai kamar mai sauraron wa'azi.

"Da ni zai zo, Gwaggo."

Robar gaskiya ba ta iso ba sai safiyar Alhamis, wani direban Kano ya kawo ta a leda. 'Yar baƙar aba mai kama da hular jariri, da wani siririn zoben ƙarfe da ke matse ta. Hussaina ta riga ta yi wanka, ta sa atamfar anko, hannuwanta sun sha jan lallen da aka zana mata jiya. Ta aika 'yarta Hadiyya gaba tare da matar maƙwabci a motar haya. Ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta zauna a gabansa, don ta lura in ba a tsare shi ba sai ya koma wa Baturensa.

Ya wanke gaɓar da fetur, ya juya ta hagu da dama, ya ce Alhamdulillahi ba ta yi lako-lako ba. Ya cusa giris, ya zura robar. Saura zoben. Ya buɗa shi da sukundireba, zoben ya yi tsalle ya faɗa wajen akurkin kaji. Suka tashi nema, su biyu a duƙe, zakara na bin su da kallo. Da aka samo, ya sake gwadawa, zoben ya sake tashi sama.

"Yatsuna ne suka yi kauri," in ji shi. "Maman Hadiyya, ko za ki..."

Ta dubi lallenta. Ta dubi inuwar katanga da ta fara tsukewa. Hanyar Safana ba a son bin ta in rana ta yi sanyi saboda 'yan bindiga, kowa ya sani. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kibiyar kitso, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa.

"Riƙe nan. Ba nan ba, nan! Kai da ka kalli bidiyo."

Ta tare gefe ɗaya na zoben da babban yatsa, ta bi da ɗaya gefen da tsinin kibiyar a hankali, kamar mai tsaga kitso, har ya faɗa gurbinsa. Giris ya shige mata farce, ya bi zanen lallen ya mayar da shi baƙi.

"Ma sha Allahu! Kin ga yadda ta zauna? Ko a kamfani iyakar abin ke nan."

"Ɗaura tayar."

Ya mayar da gaɓar, ya ɗaure noti, ya sa taya. Amma har yanzu motar tana kan turmi, ba jak. Sai da aka idar da sallar azahar ya taho da mutane daga masallaci, har da Shafi'u mahauci da abokan sana'arsa. Hussaina ta koma ɗaki tana kallo ta labule.

"Malam Armaya'u, wannan ai ko akuyar Sallah ba za ta ɗauka ba," in ji Shafi'u. "Ka sayar mana da ita mu riƙa shanya kilishi a kai."

"Ku dai ku kama ta nan, kada ku taɓa fitila."

"To bisimilla. Ya Allahu!"

Motar ta ɗaga, wani ya ja turmin waje, aka sauke ta kan tayarta. Suna fita Hussaina ta rugo. Turmin bai tsage ba. Amma a gindinsa, daidai inda amarya ke zama in an kife shi, ƙarfen motar ya nutsa ya bar dogon kwari, baƙin mai kuma ya shige cikin icen. Ta goge da toka, ta goge da sabulu da soso. Baƙin ya ragu, kwarin yana nan.

But ɗin motar ya ƙi cin turmin. Haka ta zauna a kujerar gaba ta rungume shi a cinya, bakinsa yana tokare mata haɓa, tun daga Batsari har Safana. Duk ramin da suka faɗa sai Armaya'u ya karkata kunne.

"Kin ji? Shiru. Da can nan sai ki ji ƙwas-ƙwas."



Sun tarar gida ya cika, an dama lalle, Jannat na lulluɓe ƙawayenta na yi mata tsiya. Gwaggo Zinariya ta karɓi turmin ba ta ko amsa gaisuwa sosai ba. Ta kife shi a tsakar gida, ta shafa gindinsa da tafin hannu. Hannun ya tsaya. Ta sunkuya ta shinshina.

"Wannan warin gareji fa?"

Hussaina na neman abin faɗa, sai ga muryar Armaya'u daga zaure, inda yake gaisawa da surukai.

"Wallahi Baba, icen da ba a samun irinsa yanzu. Tun Litinin yake ɗauke da mota, ko ƙara bai yi ba!"

 Wata daga cikin ƙawayen ta toshe baki da mayafi.

Gwaggo ta sa aka shimfiɗa zane a kan turmin, ta zaunar da Jannat, ta yi mata wankan tsaf, aka rangaɗa guɗa. Da aka gama ta ce a ɗauki turmin a kai ɗakinta.

"Gwaggo, ai ni zan tafi da shi," in ji Jannat daga cikin lulluɓi.

"Ba mai sake tafiya da shi. Daga yau a ɗakina zai zauna, mai aure ta zo ta same shi. Na ba ku amana kun ba mota."

Jannat ta ɗaga mayafi ta dubi yayarta, idonta ya kawo ruwa. "Yaya Hussaina, kowa ya riƙe sai ni?"

 Hussaina ta ɓoye baƙaƙen faratanta cikin gyale ta nufi zaure, don ta gaya wa Armaya'u ya tafi kawai, ita a nan za ta kwana, kuma a motar haya za ta koma. Ta same shi a waje ya tsuguna, ya leƙa kai bayan tayar dama, yana latsa wani abu da yatsa.

"Maman Hadiyya," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "kin san ta wannan gefen ma ta fara tsagewa?"